Baiti na Uku a Waƙar Umma

Ba na ɗakin lokacin da Umma ta cika. Da wannan zan fara, domin na yi wata huɗu ban faɗa wa kowa ba.

Wata goma sha huɗu na yi ina jinyarta a gidanmu na Hayin Banki, tun ranar da hawan jini ya kayar da ita a bakin murhu, ya shanye mata ɓarin dama. Ni ke juya ta, ni ke ba ta kunu da cokali, ni ke yi mata alwala. Harshenta ya karye, ba ta iya haɗa magana, sai dai in an ambaci Allah ta ɗaga yatsan hagu. Ban taɓa barin ta ita kaɗai fiye da minti biyar ba. Ko wanka na shiga, sai na bar ƙofar a ɗan buɗe ina kasa kunne.

Ranar wata Asabar bayan azahar, ɗan garuwan da ke kawo mana ruwa, wani dogon Bazamfare, ya tsaya da kurarsa a ƙofar gida. Na fita in karɓa. Jarkar farko da na buɗe sai na ji kamar warin kalanzir. Na ce masa ba zan yi wa uwata alwala da ruwan da ya canza wari ba.

Ya ce, "Wallahi Hajiya ruwan ga lahiya lau shike."

Ban yarda ba. Na bi jarkokin nan ɗaya bayan ɗaya ina shinshinawa, na gama, na sake komawa ta farko, domin zuwa lokacin hancina ya rikice, ban san wacce ke wari wacce ba ta yi ba. Na ɗebo a tafin hannu na ɗanɗana. Na sa ya juye ɗaya a kwata. Minti goma sha biyar muka yi, ko fiye da haka kaɗan. Da na koma ɗaki na tarar ta tafi, fuskarta na kallon ƙofa. Ban san ko ta yi ƙoƙarin kirana ba. Ban san ko ta ɗaga yatsan ba.

Gwaggo, ƙanwar marigayi mahaifinmu da ke zaune a Kawo, ita ta fara isowa. Ta same ni a durƙushe na riƙe hannun Umma. Ta yi tambayar da kowa ke yi a irin wannan rana.

"A hannunki ta cika? Kin ba ta kalma?"

Kuka ya hana ni magana, na sunkuyar da kai. Gwaggo ta ɗauka na ce e. Ta ɗaga hannu sama ta gode wa Allah, ta fita tsakar gida ta shaida wa mata cewa Umma ta cika a hannun 'yarta, da kalmar shahada. A lokacin ya kamata in miƙe in ce a'a. Na ce bari a gama wanka. Aka gama, na ce bari a kai ta. Aka kai ta, gida ya cika da 'yan gaisuwa, kowace ƙungiyar mata ta shigo sai Gwaggo ta sake ba su labarin, kuma kullum yana ƙara tsawo. Kafin kwana uku har an kai inda Umma ta ɗaga yatsa ta yi mini murmushi. Mata suna shafa kaina suna cewa Allah ya ba su 'ya'ya irina. Kowace addu'a ji nake kamar an ɗora mini garwashi a tsakar kai.

Mu biyu Umma ta haifa, ni da ƙanena. Shi mawaƙi ne, irin masu waƙar soyayya da ake sawa a gidan biki, yana zaune a Abakpa tare da abokansa. Duk tsawon jinyar nan zuwansa bai wuce a ƙirga da yatsu ba. Zuwansa na ƙarshe ya shigo da waya a ɗage, yana ɗaukar Umma a kwance, wai zai nuna wa masoyansa su yi mata addu'a. Umma, matar da ko ɗankwalinta ya zame sai ta yi ta gurnani har a gyara mata, ta juya fuska ta kalli bango. Na kore shi da tsintsiya a hannu. Ranar da ta rasu yana Katabu yana waƙa a gidan biki, kiɗa bai bar shi ya ji wayarsa ba. A maƙabarta ya riski mutane, ana tura ƙasa. Gwaggo ta wanke shi tas a gaban 'yan gaisuwa, tana nuna ni tana cewa ga ɗa ga ɗa. Ina zaune ina ji.

Bayan sadakar arba'in ya zo gida da littafi da biro. Bai zauna ba, ya jingina da ƙyauren ɗakin Umma.

"Yaya, zan yi wa Umma waƙa."

Na ce, "Karatu take buƙata, ba kiɗa ba."

"Ke ki yi karatun. Kowa da abin da ya iya."

Ya shiga jero mini tambayoyi kamar ɗan sanda. Wane zane ta fi ɗaurawa, wane turare take so, me take kiransa yana yaro. Ina ba shi amsa a gajarce ina tsince shinkafa. Can ya rufe littafin.

"Ta yafe mini?"

"Ban ji ba."

"Ko da hannu? Ko da ido?"

"Na ce maka ban ji ba. Da ka zauna kusa da ita da ka ji da kunnenka."

Ya dube ni, ya ce zuciyata ta fi dutsen niƙa tauri, ya fita bai yi sallama ba.

Aka yi kusan wata uku ban ji ɗuriyarsa ba. Sai wata safiya ya turo mini waƙar a waya, ya rubuta a ƙasa cewa ba a gama ba, saura gyara. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa na saurara. Ba zan yi masa ƙarya ba, waƙar ta yi daɗi. Kiɗan a hankali yake tafiya, ba irin na rawa ba, kuma kowane layi da "Umma" yake ƙarewa. Baiti na farko a kan ƙosan da take soya mana ne kafin mu tafi makaranta. Na biyu a kan zanenta mai ruwan ƙasa. Duk haka aka yi. Sai baiti na uku:

A kan cinyata kika kwanta, Umma,
Na ba ki kalma kin karɓa, Umma,
Kin dube ni kin ce kin yafe, Umma.

Na mayar da shi baya sau shida ko bakwai, ko kunnena ne. Iyakata aji shida na firamare, ban san dokokin waƙa ba, amma na san ba a sa wa mamaci magana a baki. Na ɗauki mayafi na hau Keke zuwa Abakpa.

Situdiyon da yake ɗaukar waƙoƙinsa wani shago ne a bayan masu gyaran babur, an manne bangonsa da soso da kwalin ƙwai. A ciki an yanke wani ɗan lungu da gilashi, nan mawaƙi ke shiga ya tsaya gaban makirufo. Mai wurin wani magidanci ne ɗan kudancin Kaduna, shi ke kaɗa fiyano a cocinsu ranar Lahadi, sauran ranaku yana haɗa wa mawaƙa kiɗa. Yana ganina ya miƙe ya ba ni kujerarsa.

"Sannu da zuwa Anti. Ya ƙarin haƙuri?"

Na amsa masa, amma ban zauna ba. Ƙanena na cikin gilashi da abin ji a kunne. Na yi masa alama da hannu ya fito.

Na ce, "A kan wace cinyar? Wadda kake kaɗawa a Katabu?"

"Yaya, waƙa ce, ba kotu ba."

"Wanda ke raye in ka yi masa ƙarya zai tashi ya ƙaryata ka. Ita fa, ta wane baki?"

"Kowane mawaƙi yana ƙara gishiri. Wa zai saurari waƙar da aka ce ina wajen biki?"

"To ka zuba gishirinka a miyarka, ba a kabarin uwata ba."

"Uwarki? Ni a bola aka tsince ni?"

"Ka tambayi bangon da ta juya ta kalla."

Wannan ta shige shi. Ya cire abin kunnen ya jefar a kan tebur, ya ce tun muna yara haka nake, in ya ci nama sai na ƙirga masa tsoka, in ya yi salla sai na ce ruku'unsa bai cika ba. Ya ce ba don Allah na yi jinyar ba, na yi ne don in samu sandar dukansa har ƙarshen rayuwa. Na ce masa ko don me na yi, ni dai na yi, kashin da na kwashe ba da makirufo na kwashe shi ba. Masu gyaran babur suka fara leƙowa.

Mai situdiyo ya tura ƙofa ya rufe, ya shiga tsakaninmu. Ya ce mu ji tsoron Allah, makoki bai yi nisa ba. Ya bayyana mini yadda aikinsu yake, cewa baiti-baiti ake ɗauka, ana iya yanke guda a ɗora wani ba tare da an taɓa sauran ba. Sannan ya juya wajen ƙanena.

"Maigida, abin ai mai sauƙi ne. Ba kai ke wurin ba, amma Anti na wurin, duk gari ya sani. Ka sa gaskiyar mana. Ta ma fi taɓa zuciya."

Ƙanena ya janyo takardar waƙar. Ya ɗauki biro ya soke layukan da ƙarfi har takardar ta yage, ya rubuta wasu a gefe. Ya ce mini, "Ga shi nan, kin ci. Har a waƙar tawa ma ke ce ta kirki." Ya koma cikin gilashi. Aka saki kiɗa.

A hannun Yaya kika cika, Umma,
Ta ba ki kalma kin karɓa, Umma,
Ni ban samu wannan rabon ba, Umma.

Sai a lokacin na zauna. Na zo in cire ƙaryarsa, ga shi an cire an sa tawa. Tasa ma kowa a Hayin Banki ya san ƙarya ce, da an ji za a yi tsaki a wuce. Tawa kuwa babu wanda zai ƙaryata, za ta shiga wayoyin mutanen da ban sani ba, a yi ta maimaita ta bayan na mutu.

Sau huɗu ya rera baitin. Na farko mai situdiyo ya ce ya yi sauri. Na biyu wani babur ya yi ƙara a waje. Na uku muryarsa ta karye a layin ƙarshe, ya tsaya ya share ido da bayan hannu. A na huɗu komai ya zauna daidai. Duk sau huɗun ina lissafi a raina. Na ce ai ba ni na rera ba. Na ce ai ban taɓa furtawa da bakina ba, sunkuyar da kai kawai na yi. Na ce wa ya sani ko ta samu kalmar ita kaɗai, to rabin baitin ya zama gaskiya. Kowace hujja na ɗauko sai ta narke mini a hannu.

Mai situdiyo ya juyo da fara'arsa.

"Anti, yanzu ya yi ko? Haka aka yi? In adana shi?"

Da na sake sunkuyar da kai da shi ke nan.

Na ce, "Ba na ɗakin."

Bai gane ba. Ƙanena kuma bai ji ba, yana bayan gilashi. Sai da mai situdiyo ya danna wani maɓalli ya ce masa ya ɗan fito. Na faɗa musu duka, ina kallon ƙasa: ɗan garuwa, jarkoki, kalanzir, da yadda na tarar da fuskarta na kallon ƙofa.

Ban taɓa jin dariya mai muni irin wadda ƙanena ya yi ba.

"Kalanzir," ya ce. "Kalanzir! Wata huɗu kina kallona kamar kashin da aka taka. Kina zaune Gwaggo ta tsinka ni gaban matan unguwa, kina karɓar albarka da hannu biyu."

"Minti goma sha biyar na yi. Kai wata goma sha huɗu ka yi."

"Sa'ar da ake nema fa? Ni babu, ke babu. Ni aƙalla ban ce ina nan ba sai a waƙa."

Na ce na sani, na ce shi ya sa na faɗa. Bai saurare ni ba. Ya matso har ina jin hucinsa.

"Na tambaye ki ko ta yafe mini, kika ce ba ki ji ba. Ina za ki ji? Wa ya san abin da ta yi a minti sha biyar ɗin nan? Wa ya san wa take nema da take kallon ƙofa? Kina can kin tura hanci a jarka."

Har yau ban san wa take nema ba.

Na roƙe shi abu ɗaya, ya cire baitin gaba ɗaya, waƙar ta tsaya a ƙosai da zane. Ya ce in tashi in tafi gida, in duba ko ruwan randa ya canza wari. Mai situdiyo ya raka ni har bakin titi yana ba ni haƙuri, ya ce shi ma da mahaifinsa ya rasu yana kan hanya, Allah ba ya kama mutum da abin da bai sani ba. Na gode masa, amma maganar ba ta shige ni ba.

Bayan mako uku waƙar ta fita. Bai turo mini ba. A cikin Keke na fara jin ta, ina dawowa daga kasuwar Kawo da cefane a cinya. Na gane kiɗan tun daga farko. Ƙosai ya wuce, zane ya wuce. Na riƙe ƙarfen Keken.

Ni ina Katabu wajen biki, Umma,
Yaya na ƙofa wajen ruwa, Umma,
Ke kaɗai kika tafi a ɗaki, Umma.

Direban ya girgiza kai ya mayar da baitin baya. Matar da ke gefena, wadda ban sani ba, ta ja tsaki.

"Shi dai namiji ne, an san halinsu. Amma ita yayar, wane irin ruwa ne ba zai jira ba?"

Na ce direba ya sauke ni. Na taka sauran hanyar da ƙafa.

A gida na nemo waƙar na zauna da ita kamar mai tsince tsakuwa a wake. Kalma-kalma na bi, ina neman ƙarya ko guda ɗaya da zan riƙe in koma Abakpa da ita. Yana Katabu, gaskiya ne. Ina ƙofa, gaskiya ne. Wajen ruwa, gaskiya ne. Bai ambaci wata goma sha huɗun ba, amma rashin faɗa ba ƙarya ba ne, ni ce ma zan fi kowa sanin haka. Kuma ya fara da kansa kafin ya zo kaina.

Kwana biyu waƙar ta zagaye Hayin Banki. Ana sa ta a shagon cajin waya, ana sa ta a wajen mai shayi. Gwaggo ta zo ko zama ba ta yi ba.

"Gaskiya ne abin da ɗan banzan yaron nan ya rera?"

"Gaskiya ne, Gwaggo."

"To ni kika mayar maƙaryaciya. Da furfurata na tsaya na shaida wa mata abin da ba a yi ba. Har na ce ta yi murmushi!"

Na so in ce murmushin ba ni na sa shi ba, na haɗiye. Na durƙusa na nemi gafara. Ta ce ba ita kaɗai zan nema wa ba.

Haka na yi. Na zauna na tuno matan da suka shafa kaina a kwana ukun nan, na rubuta su a bayan kalanda, na bi su gida-gida. Kowacce na gaishe ta, na ce na zo in gyara wata magana. Wasu suka ce haba, mene ne abin tada hankali, ajali ba ya sallama. Wasu suka ce ai sun ji a waƙa, suna kallona daga sama har ƙasa. Wata tsohuwar ƙawar Umma ta saurare ni har ƙarshe, ta ce, "Da kin bar mu da wancan labarin, da ya fi mana daɗi," ta ci gaba da tankaɗenta. Sati biyu na yi ina wannan yawo, wasu gidajen sau biyu na koma don ban tabbata na faɗa daidai ba.

Ni da ƙanena ba mu sake magana ba sai da Babbar Salla, muka yi kiciɓis a zauren Gwaggo, ni ina fita shi yana shiga. Zauren ƙarami ne, dole ɗaya ya kauce. Babu wanda ya kauce. Ya rame, ya tara gemu. Na yi ta jira in ji ko zai gaishe ni, tun da ni ce babba.

Ya ce, "Yaya, akwai ƙarya a ciki?"

Na ce, "Babu."

"To."

Ya karkata kafaɗa ya wuce ciki, ni kuma na fita titi na tsaya jiran Keke.